Yadda Ake Kwatanta Ƙarfin Asid a Tsakanin Sinadaran Kabon

Ɗalibin kimiyyar sinadarai ba ya daɗewa a aji kafin a ajiye masa sunaye uku ko huɗu, misali etanol da fenol da asid ɗin asetik da asid ɗin kuloro-asetik, a ce ya jera su daga wanda ya fi ƙarfi zuwa wanda ya fi rauni. Akasarin ɗalibai da hadda suke tunkarar wannan tambaya, kuma haddar takan fisshe su a jarrabawa ɗaya ko biyu, sai dai sinadaran da aka gina a kan kabon sun kai miliyoyi, babu mai iya riƙe lambobinsu a ka. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya iya karanta lambar da aka auna idan tana gabansa, idan kuma ba ta gabansa ya dubi siffar molekul ya hango wajen da za ta faɗa.

Ma'anar asid da ake aiki da ita a nan ita ce wadda Johannes Brønsted na ƙasar Denmak da Thomas Lowry na Ingila suka kawo a shekarar 1923, kowannensu daban: asid shi ne duk sinadarin da ke sakin furoton, wato H⁺, bes kuma shi ne mai karɓarsa. Idan aka rubuta asid da alamar HA, to a cikin ruwa wani kaso nasa yakan rabu zuwa H⁺ da A⁻, sauran kuma ya zauna a haɗe. Wannan A⁻, abin da ya saura bayan furoton ya tafi, shi za mu riƙa kira ragowa, kuma kusan duk aikin kwatancen a kanta yake.

Karanta lambar da aka auna

Ma'aunin rabuwa, wanda ake rubutawa Ka, shi ne [H⁺][A⁻] a raba da [HA] a lokacin da al'amarin ya daidaita. Idan Ka babba ne, asid ɗin ya rabu sosai, ke nan yana da ƙarfi. Na asid ɗin asetik, wanda shi ne tsamin ruwan khal, 1.8 × 10⁻⁵ ne a zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyas. Irin waɗannan lambobi suna da wahalar kwatantawa da ido, shi ya sa ake mayar da su pKa, wato −log Ka, sai na asetik ya koma 4.76.

Dole a riƙe abu biyu game da pKa. Na farko, a juye yake tafiya: ƙaramar lamba ita ce asid mai ƙarfi. Na biyu, tazarar 1 a pKa tana nufin ninki goma a Ka, tazarar 2 ninki ɗari, tazarar 3 ninki dubu. Saboda haka idan ana son sanin yadda wani asid ya fi wani, sai a ɗebe ƙaramar lamba daga babba, a ɗora abin da ya fito a kan 10. Asid ɗin fomik, wanda ake samu a jikin wasu tururuwa, yana da 3.75, ya bambanta da asetik da kusan 1, don haka ya ninka shi sau goma. Fenol yana da 10.0, etanol kuma kusan 16, ke nan fenol ya ninka etanol sau miliyan. Tsakanin asetik da etanol kuwa tazarar ta haura 11, abin da ya kai sau biliyan ɗari, alhali dukkansu biyu daga kan oksijin furoton ɗinsu yake barin molekul.

Kada a haɗa pKa da pH. Shi pKa hali ne na sinadarin kansa, pH kuwa, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a birnin Kopenhagen a 1909, yana nuna yawan H⁺ ne a cikin wani ruwa na musamman, kuma yana canzawa gwargwadon yawan asid ɗin da aka zuba. Idan aka narkar da mol 0.10 na asetik a lita ɗaya (mol shi ne ma'aunin adadin molekul), pH zai kasance 2.87, duk da cewa kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ya rabu. Idan aka narkar da mol 0.001 na asid ɗin haidirokulorik a lita ɗaya, pH zai kasance 3. Wanda ya dubi pH kaɗai zai ce asetik ya fi ƙarfi, kuma ya yi kuskure, domin yawa ne ya rinjaya.

Idan babu lamba, a dubi ragowa

Matakin farko shi ne a zana molekul ɗin cikakke, a gano furoton ɗin da zai fi saurin tafiya, a goge shi, a sa alamar cajin ɗebewa a kan atom ɗin da ya bari. Haka za a yi wa kowane sinadari da ke cikin jerin. Daga nan ragowar za a riƙa kwatantawa, domin asid yana sakin furoton ne gwargwadon yadda ragowarsa za ta iya ɗaukar cajin ta zauna lafiya. Ragowar da cajin ya yi wa nauyi za ta yi maza ta sake cafke furoton, asid ɗinta kuwa mai rauni ne. Ɗaliban da ke zuba wa asid ɗin ido suna neman amsa a jikinsa, su ne aka fi samu da ruɗewa.

Tambayar farko da za a yi wa ragowa ita ce, a kan wane atom cajin ya sauka? Wannan ita ce ta fi kowace tasiri, don haka ita ake fara yi. A layi ɗaya na jadawalin sinadarai, wanda ya fi jan elektiron shi ya fi iya riƙe caji: oksijin ya fi naitirojin, naitirojin ya fi kabon. Shi ya sa pKa na etan yake kusan 50, na amoniya kusan 38, na etanol kusan 16. Idan kuwa sama da ƙasa ake kwatantawa, girma ne ke hukunci. Salfa bai kai oksijin jan elektiron ba, amma ya fi shi girma, cajin yana samun fili ya baje, don haka etantayol, CH₃CH₂SH, yana da 10.6 a inda etanol ke da 16.

Idan atom ɗin iri ɗaya ne a ragowa biyun, sai a tambaya ko cajin yana da damar yaɗuwa zuwa wasu atom ta hanyar tagwayen haɗi, abin da masana ke kira rezonans. A nan ne amsar tazarar nan ta sau biliyan ɗari take. Ragowar etanol, CH₃CH₂O⁻, oksijin ɗaya ne ke dakon cajin gaba ɗaya, ba shi da mataimaki. Ragowar asetik, CH₃COO⁻, tana da oksijin biyu da suka raba cajin daidai wa daida, har ma haɗin kabon da oksijin guda biyun sukan zama tsawonsu ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fenol yana tsakiya: cajinsa yana shiga zoben benzin ya zaga, sai dai kabon ne ke karɓarsa a can, kabon kuwa bai kai oksijin iya riƙewa ba. Darasin da ke nan shi ne kada a tsaya ƙirga yawan zanen rezonans. Ragowar fenol ta fi ta asetik yawan zane, amma asetik ya ninka fenol fiye da sau dubu ɗari, saboda wanda ya karɓi cajin ya fi adadin masu karɓa muhimmanci.

Rezonans yana iya tayar da furoton ko da daga kan kabon ne. Na asiton yana da pKa kusan 19 ko 20, nesa ƙwarai da 50 na etan, domin cajin yana tserewa zuwa oksijin ɗin da ke maƙwabtaka. Idan rukunin C=O biyu suka sa kabon ɗaya a tsakiya, kamar a asetil-asiton, lambar takan sauko har kusan 9, ta ɗan zarce fenol ƙarfi.

Tambaya ta uku ita ce ko akwai wani atom mai jan elektiron a kusa, wanda zai rage wa ragowar nauyi ta cikin jerin haɗe-haɗen molekul. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na asetik idan ana maye gurbin haidirojin ɗinsa da kulorin. Kulorin ɗaya yana sauko da pKa daga 4.76 zuwa 2.86, ƙarfi ya ninku kusan sau 80 ke nan. Biyu suna kai shi wajen 1.3, uku kuma wajen 0.7, inda ya ninka asetik kimanin sau dubu goma. Fulorin ya fi kulorin ja, don haka fuloro-asetik yana wajen 2.6, buromo-asetik yana 2.9, ayodo-asetik kuma ya ɗan haura 3.1.

Wannan ja ba ya tafiya da nisa, kuma asid ɗin butanoyik ya nuna hakan sarai. Shi kansa yana da 4.82. Idan kulorin yana kan kabon na biyu, daf da rukunin COOH, lambar 2.86 ce. Idan ya matsa kabon na uku, ta koma 4.05, a na huɗu kuma 4.52, tasirin ya kusa ɓacewa. Don haka duk lokacin da aka ga atom mai ja, a ƙirga adadinsa, a dubi irinsa, sannan a ƙirga takun da ke tsakaninsa da cajin. Rukunin alkil kuwa, wato na kabon da haidirojin zalla irin su CH₃, akasin haka yake yi, amma kaɗan: fomik 3.75, asetik 4.76, furopanoyik 4.87.

Akwai ta huɗu, wadda ba ta cika tasowa ba sai idan cajin yana kan kabon. Kabon da haɗinsa da wani kabon ya ninku uku, irin na asetilin da masu walda ke samu daga kabaid, yana riƙe elektiron kusa da cibiyarsa fiye da mai haɗi biyu ko ɗaya, saboda rabon s, wato mazaunin elektiron da ya fi kusa da cibiya, a tsarinsa na sp rabi ne, a sp² sulusi, a sp³ rubu'i. Lambobin su ne kusan 25 ga asetilin, 44 ga etin, 50 ga etan.

Abin da zoben benzin ke yi

Sinadarai masu zoben benzin sun cancanci a daɗe a kansu, domin a nan ne rezonans da ja suke haɗuwa, wani lokaci su taimaki juna, wani lokaci su yi jayayya, kuma wurin da rukuni ya zauna a zoben shi ne ke yanke hukunci. A ɗauki fenol mai 10.0, a sa masa rukunin naitiro, NO₂. Idan rukunin yana fuskantar OH daga ɗaya ƙarshen zoben, a matsayin da ake kira para, pKa ya sauko 7.15. Idan yana matsayin meta, wanda ya fi kusa da OH, lambar kusan 8.4 ce. Wanda ya riƙe ƙa'idar nisa kaɗai zai ce meta ya kamata ya fi ƙarfi. Abin da ya hana shi ne, idan aka bi cajin ragowar fenol yana zaga zobe da alƙalami, za a ga yana sauka ne a kan kabon na oto, wato wanda ke maƙwabtaka da mai ɗauke da OH, da na para kawai, yana tsallake meta. Naitiro da ke para yana karɓar cajin ya miƙa wa oksijin ɗinsa biyu, wanda ke meta kuwa ja kaɗai zai iya yi daga inda yake. Idan aka sa naitiro biyu, a matsayi na 2 da na 4, wato oto da para, lambar ta koma kusan 4.1, ta wuce asetik. Idan uku ne, a 2 da 4 da 6, an samu asid ɗin pikirik mai kusan 0.4, fenol ne a siffa amma ya fi galibin asid masu COOH ƙarfi. Wannan ya isa ya nuna cewa maganar da ake koya wa 'yan aji, wai asid mai COOH ya fi fenol, gaskiya ce ga iyayen gidan kawai, 'ya'yansu suna iya saɓa mata.

Rukunin metoksi, OCH₃, ya fi naitiro wuyar sha'ani, domin fuska biyu gare shi. Oksijin ɗinsa yana jan elektiron ta cikin haɗi, amma kuma yana tura su cikin zobe ta rezonans. Asid ɗin benzoyik yana da 4.20. Metoksi a para yana raunana shi zuwa 4.47, saboda turin ya rinjayi jan. Metoksi a meta yana ƙarfafa shi zuwa kusan 4.1, saboda a can turin ba ya isa, ja ne ya rage.

Louis Hammett na Jami'ar Columbia da ke New York ya mayar da wannan lissafi a 1937. Ya ba kowane rukuni lamba, σ, wadda ita ce tazarar da yake jawowa a pKa na benzoyik. Naitiro a para yana da +0.78, a meta +0.71. Metoksi a para yana da −0.27, a meta +0.12. Amfani da ita ba wuya: a ɗebe σ daga 4.20, misali 4.20 − 0.78 ya ba da 3.42, abin da ya yi daidai da lambar da ake aunawa ga para-naitirobenzoyik. Ba a sa matsayin oto a wannan lissafi, domin rukunin da ke manne da COOH yana da nasa hali. Asid ɗin salisilik, wanda daga gare shi ake haɗa asfirin, yana da OH a oto, pKa ɗinsa 2.97, ɗan'uwansa mai OH a para kuwa kusan 4.5. Dalili shi ne haidirojin ɗin OH na oto yana miƙa hannu ya dafa oksijin mai caji na ragowar, ya kwantar da ita.

Wuraren tuntuɓe a cikin jadawali

Lambobin pKa ba sa kwatantuwa sai an auna su a cikin abin narkarwa iri ɗaya. Asetik mai 4.76 a ruwa yana haura 12 a cikin wani abin narkarwa da ake kira DMSO, fenol kuma ya koma 18, domin ruwa yana kewaye ragowa ya taya ta ɗaukar caji, DMSO kuwa bai iya wannan ba. Wanda ya ɗauko lamba ɗaya daga jadawalin ruwa, ɗaya daga na DMSO, ya haɗa mudu da tiya. Tasirin abin narkarwa yana iya juya jerin kansa. A ruwa metanol, mai 15.5, ya fi tat-butanol ƙarfi, an kuma daɗe ana cewa turin alkil ne sanadi, sai Brauman da Blair na Jami'ar Stanford suka auna su a siffar tururi, ba tare da abin narkarwa ba, a 1968, suka tarar tat-butanol ne a gaba. Ashe girman jikinsa ne ke hana ruwa matsowa kusa da oksijin ɗinsa. A ganina bai kamata malami ya koyar da turin alkil ba tare da ya ambaci wannan ba.

Wani tarkon yana wajen amin, wato dangin amoniya masu ɗauke da rukunin kabon. Jadawali da yawa sukan rubuta 10.6 a gaban metil-amin, 4.6 a gaban anilin, mai karatu ya ɗauka anilin asid ne kamar asetik. Waɗannan lambobi na siffar da ta riga ta karɓi furoton ne, CH₃NH₃⁺ da C₆H₅NH₃⁺, kuma an sa su ne don nuna ƙarfin amin a matsayin bes. Haka kuma ruwa kansa, wasu littattafai suna ba shi 15.7, wasu 14.0, gwargwadon yadda suka lissafa yawan ruwan, don haka a san wadda littafin da ke hannu ya bi. Lambobin da suka haura 16 ko suka yi ƙasa da sifili kuwa ba a auna su kai tsaye a ruwa ba, kintace ne daga wasu gwaje-gwaje, bai dace a yi gardama a kan tazarar 1 a cikinsu ba.

Asid mai furoton fiye da ɗaya yana da lamba fiye da ɗaya. Sitirik na lemon tsami yana da 3.13 da 4.76 da 6.40, tatarik na tsamiya yana da kusan 3.0 da 4.3, laktik na nono kuwa ɗaya ce, 3.86. Ta farko ake kwatantawa da ta farko, sai dai in an nemi wani abu dabam. Maleyik da fumarik atom ɗinsu ɗaya ne, tsayuwarsu ce ta bambanta, amma a furoton na farko maleyik ya fi ƙarfi, 1.9 a kan 3.0, a na biyu kuma ya fi rauni, sama da 6 a kan 4.4, saboda furoton ɗin da ya rage yana maƙale tsakanin oksijin biyu.

Aunawa da yin aiki da lambar

Mai na'urar auna pH zai iya gano pKa na asid mai rauni da kansa. A auna mililita 25 na asid ɗin mai mol 0.10 a lita, a riƙa ɗiga masa ruwan soda, NaOH, mai mol 0.10 a lita daga buret, ana rubuta pH bayan kowane ƙari. Wajen mililita 25 pH zai yi tsalle, a nan asid ɗin ya ƙare. Sai a koma rabin wannan adadi, mililita 12.5, a karanta pH na wurin. A wannan gaɓa HA da A⁻ sun yi kunnen doki, kuma bisa lissafin Henderson da Hasselbalch, pH = pKa + log([A⁻]/[HA]), log na 1 sifili ne, ke nan pH ya zama pKa. A sa tabarau da safar hannu, domin soda tana cin fata, kuma ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji don jin tsaminsa.

Da lambobi biyu a hannu ana iya sanin inda haɗuwar asid da bes za ta karkata: kullum tana gangarawa ɓangaren da asid mafi rauni yake. A ce an samu gaurayen benzoyik da fenol a cikin ether, wani abin narkarwa da ba ya gauraya da ruwa, ana son raba su. Baikabonet, sodar da ake sa wa burodi, idan ya karɓi furoton yana zama asid ɗin kabonik mai pKa kusan 6.4. Benzoyik mai 4.20 ya fi shi ƙarfi da tazarar 2.2, don haka zai miƙa furoton, ya zama gishiri ya koma cikin ruwa, ana ganin kumfar iskar kabon dayoksaid tana tashi. Fenol mai 10.0 ya gaza shi da tazarar 3.6, zai yi zamansa a cikin ether. Sai a tsiyaye ruwan, a ɗiga masa asid ɗin haidirokulorik har benzoyik ya fito fari ya kwanta, sannan a ciro fenol daga ether da ruwan NaOH, wanda yake da ƙarfin karɓe furoton ɗin dukkansu biyun. Saboda haka ne baikabonet ake fara zubawa, a kuma riƙa buɗe bakin mazubin rabawa lokaci-lokaci don iskar ta samu mafita.